Tambayoyi da amsoshi kan saɓani da masu saye da dawo da kaya ga mai sayarwa ta intanet

An tsara wannan bayani ne domin mutumin da yake sayar da kaya shi kaɗai ta WhatsApp, Instagram, Facebook, TikTok ko Jiji a Najeriya, wanda ba shi da kamfani, ba shi da lauya, wani lokaci ma ko shago ba shi da shi. Waɗannan kafofi haɗa mai kaya da mai saye kawai suke yi, kuɗi kuwa ta banki yake wucewa kai tsaye, saboda haka idan rigima ta taso babu wani na uku da ke riƙe da kuɗin wanda zai raba gardama, saɓanin yadda abin yake a Jumia ko Konga inda kamfani yake da nasa tsarin dawo da kaya.

Na rubuta a shafina cewa kayan da aka saya ba a dawo da su. Shin wannan bai isa ya kare ni ba?

Ya isa a wani wuri, bai isa a wani wuri ba. Idan kayan sun isa hannun mai saye lafiya, daidai da yadda ka siffanta su, sai daga baya ya ji ba ya so, to sharaɗinka yana da ƙarfi kuma kana da damar tsayawa a kansa. Amma idan kayan suna da aibi, ko kuma ba su ne aka nuna masa ba, wannan rubutu ba zai tsinana maka komai ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su kai ingancin da ya kamata ba cikin wata 3 da karɓarsu, domin a gyara masa, ko a canza masa, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma hukumar ta sha nanata cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" ba ya soke wannan haƙƙi. Dokar tana magana ne kan masu kasuwanci, kuma duk wanda ya mayar da saye da sayarwa sana'arsa, ko daga ɗakinsa yake yi, bai kamata ya ɗauka cewa ba ta shafe shi ba.

A ɓangaren shari'ar Musulunci ma haka zancen yake. Malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye zaɓin aibi, wato idan ya gano illar da ke jikin kaya tun kafin ciniki, wadda ba a faɗa masa ba, yana da damar mayarwa. Hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, shi ne tushen da ake komawa gare shi a wannan babi.

Ta yaya zan bambanta aibi na gaskiya da sauya ra'ayi?

Wannan ita ce tambayar da kusan kowace rigima take komawa kanta, kuma amsarta tana cikin abin da ka faɗa kafin ciniki ya faɗa. Aibi shi ne duk abin da ya saɓa wa siffar da ka bayar, ko wanda ke rage darajar kaya a idon 'yan kasuwa, kuma mai saye bai san da shi ba. An ce atamfa yadi 6 ce, aka auna aka sami 5 da rabi. An ce waya ba a taɓa buɗe ta ba, mai gyara ya duba ya ga an canza gilashi. An ce takalmi lamba 42 ne, sai ga 40 a cikin kwali. Duk waɗannan alhakinsu yana wuyan mai sayarwa, ko da shi ma haka aka sayar masa. Sauya ra'ayi kuwa shi ne mai saye ya ce ya ga irinsa da araha a wani wuri, ko maigidanta bai so zanen ba, ko bikin da aka saya dominsa an ɗaga.

Akwai kashi na uku da masu kayan hannu da gwanjo suka fi haɗuwa da shi, wato illar da aka bayyana tun farko. Idan ka rubuta cewa bayan wayar yana da tsaga, ka ɗauki hoton tsagar ka tura, mai saye ya gani ya amince, to ba shi da ta cewa daga baya, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai bayyanawa tana nufin ambaton illar da sunanta. Cewa "na hannu ce, ka san yadda na hannu yake" ba bayyanawa ba ce, kuma ni ba na ganin adalci ne a fake da ita.

Ina sayar da atamfa da leshi. Wata ta ce launin da ya iso mata ba shi ta gani a hoto ba. Laifina ne?

Hajiya, sai an duba girman bambancin. Kyamarar waya da fitilar ɗaki suna sauya launi, har ruwan ƙasa ya koma kamar ruwan goro, ko shuɗi mai duhu ya fito kamar baƙi, kuma fuskar wayar mai kallo ita ma tana da nata tasirin. Idan bambancin na haske ne kawai, ba aibi ba ne, musamman idan kin faɗi sunan launin da baki ko a rubuce. Amma idan kin yi amfani da hoton da kamfani ya gyara, ko wanda kika ɗauko daga shafin wata, alhali wanda ke hannunki wani bugu ne daban, to gaskiya tana tare da ita. Abin da ya fi sauƙi shi ne ki ɗauki hoton ainihin turmin da za ki aika, a waje cikin inuwa da rana, ki ajiye farar takarda kusa da shi, sannan ki nemi ta rubuto cewa shi take so kafin ki ɗaure.

Wace irin shaida ya kamata in ajiye kafin kaya su bar hannuna?

Abu uku ne ba a wasa da su. Na farko shi ne hirar ciniki a rubuce. Idan an yi maganar ta kiran waya, a bi ta da gajeren saƙo mai ɗauke da sunan kaya, adadi, farashi, kuɗin aike da wanda zai biya shi, a jira mai saye ya amsa. Na biyu shi ne bidiyo guda ɗaya da ba a yanke ba, wanda zai nuna kayan ta kowane ɓangare, ya nuna ana sa su a leda ko kwali, ana liƙewa, ana rubuta sunan mai karɓa. Na uku shi ne rasit na aike, ko hoton motar da lambarta da lambar wayar direba idan ta tasha aka bi.

Ga masu sayar da waya akwai ƙari. Kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#, kuma ya kamata ta fito a cikin bidiyon tare da lafiyar batir, kyamara, lasifika da wurin caji. A cire asusun iCloud ko na Google a gaban kyamarar, domin wayar da ta isa a kulle da asusun wani rigima ce da ba ta da magani sai dawowa.

Kaya sun fashe ko sun ɓace a hanya. Wa zai ɗauki asarar?

Abin da aka yi yarjejeniya a kansa shi ne na farko. Idan ba a yi ba, ƙa'idar da ke cikin dokar sayar da kaya ta 1893, wadda Najeriya ta gada daga Ingila, ita ce miƙa kaya ga mai ɗauka domin ya kai wa mai saye ana ɗaukarsa tamkar an miƙa wa mai sayen, amma da sharaɗin mai sayarwa ya yi tsarin aike da ya dace da irin kayan. Ma'ana, wanda ya sa kwalaben humra a leda ɗaya babu abin da ya raba su, ya miƙa wa yaron mota ya cusa ƙarƙashin buhunan albasa, ba zai ce asarar ta mai saye ba ce.

A aikace ina raba abin gida biyu. Idan mai saye ne ya zaɓi direbansa ko ya ce a kai wa wani ɗan uwansa a tasha, alhakina ya ƙare da miƙawa, kuma ina gaya masa haka kafin in miƙa. Idan kuwa ni na zaɓi hanyar aike na kuma karɓi kuɗinta, to ni zan bi sawun kayan, in biya mai saye, sannan in nemi haƙƙina wurin mai ɗauka. Kamfanonin aike masu rajista suna ba da lambar bibiya, kuma sukan tambayi darajar kaya a rubuta, wanda shi ne ma'aunin diyya idan an yi asara. Rage darajar domin kuɗin aike ya yi sauƙi dabara ce da ke juyewa kan mai ita. A tasha kuwa, a bi ta ofishin ƙungiyar direbobi a rubuta kayan a littafi, domin shugabannin tasha suna iya tsare direbansu, alhali wanda aka tare a bakin titi babu mai nemo shi.

Mai saye ya dawo da kaya, amma ina zargin ba nawa ba ne. Me zan yi?

Na taɓa aika waya zuwa wani gari, bayan kwana 4 mai saye ya kira ya ce ba ta caji. Na ce ya dawo da ita. Da ta iso na kunna kyamara kafin in yage ledar, na fito da ita, launi ɗaya, samfuri ɗaya, har da irin rigar da na sa mata. Na duba lambar IMEI da ke jikin maɗaukin layin waya, sai na ga alƙaluma 4 na ƙarshe ba su yi daidai da na bidiyona na farko ba. Ban kira shi ɓarawo ba. Na tura masa hotuna biyu gefe da gefe, na ce wataƙila an yi kuskure wajen ɗaurewa, ya duba ya turo tawa in mayar masa da tasa. Bai sake maganar kuɗi ba, ni kuma na aika masa da wayarsa.

Hanyar ke nan ga kowane irin kaya: a buɗe a gaban kyamara ko a gaban shaida, a kwatanta da shaidar farko, a bar wa mutum ƙofar fita. Masu yadi da jakunkuna, waɗanda ba su da lamba, sukan sa wata 'yar alama a wurin da ido ba ya kai wa.

Wa zai biya kuɗin dawo da kaya?

Wanda laifi ya fito daga gare shi. Idan aibi ne ko kuskuren mai sayarwa, shi zai biya zuwa da dawowa, ya kuma mayar da cikakken kuɗi. Idan alfarma ce aka yi wa wanda ya sauya ra'ayi, shi zai ɗauki kuɗin mota duka biyu.

Shin dole ne in karɓi kaya daga wanda ya sauya ra'ayi kawai?

Ba dole ba ne, amma abu ne da addini ya kwaɗaitar a kansa, wanda malamai ke kira iƙala, wato warware ciniki da yardar juna saboda ɗaya ya yi nadama. Ta fuskar kasuwa ma yakan biya, domin macen da aka karɓi leshinta aka canza mata da wani ita ce gobe za ta kawo ankon gidansu. Abin da nake ba da shawara shi ne a sa iyaka bayyananniya, misali kwana 2 ko 3 da karɓa, kaya ba a yanka ba, ba a wanke ba, ba a cire takarda ba, kuma a fifita canji a kan mayar da kuɗi.

Akwai kayan da ko alfarma ba ta shiga cikinsu in dai lafiya suka isa: yadin da aka yanka, ɗinkin da aka yi da awon mutum, turaren da aka buɗe, kayan ciki, da abinci irin su kilishi da dambun nama.

In fara mayar da kuɗi, ko in jira kaya su dawo?

A jira kaya su dawo a duba su, sannan a biya a ranar ba tare da jan rai ba, domin jinkirin biya bayan kaya sun iso shi ne ke mayar da ƙaramin saɓani babbar gaba. Abu mafi muhimmanci shi ne a mayar da kuɗin cikin ainihin asusun da suka fito, da sunan da ya turo. Masu damfara sukan turo kuɗi fiye da farashi, su ce kuskure ne, a mayar da rarar zuwa wani asusu daban. Sau da yawa kuɗin na wani bawan Allah ne da aka yaudara, kuma idan ya kai ƙara asusun mai sayarwa ne za a fara rufewa, tunda nan kuɗin suka sauka. Idan mai saye yana Maraɗi ko Damagaram kuma da sefa ya biya ta hannun ɗan canji, a daidaita tun farko da wane kuɗi za a mayar, domin farashin canji ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ya turo mini rasit cewa ya biya, amma kuɗi ba su shigo ba, kuma yana matsa mini in saki kaya.

Hoton rasit da saƙon alat duk ana ƙirƙirarsu, saboda haka hujja ɗaya ita ce abin da manhajar bankinka ta nuna a cikin asusu. Yana yiwuwa da gaske ya tura kuɗin suka maƙale, domin hakan na faruwa. In haka ne, shi ne zai kai koke bankinsa da doguwar lambar shaida da ke jikin rasit ɗin, kuma idan bankin bai warware ba cikin mako 2, yana da damar kai ƙorafi sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Kai naka shi ne ka ajiye masa kayan na wani lokaci da kuka amince, cikin ladabi, ba tare da ka sake su ba.

Ya ba da kafin alƙalami, na ajiye masa kaya, yanzu ya fasa. Zan iya riƙe kuɗin?

Malamai sun saɓa a nan. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Hausa, ba ta yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami don kawai an fasa ciniki ba, yayin da Hanbaliyya suka halatta idan an yi sharaɗin haka tun farko. Abin da na ga ya fi kusa da kwanciyar hankali shi ne a cire ainihin abin da aka kashe saboda shi, kamar kuɗin motar ɗauko kaya daga kasuwa, a nuna masa lissafin, a mayar masa da sauran. Idan aiki ne na musamman da aka riga aka fara, kamar ɗinki ko zanen gado da aka yanka da awonsa, asarar ta fi haka, kuma ya kamata ya san tun ranar farko cewa da zarar almakashi ya shiga babu fasawa.

Na aika kaya a kan sai sun isa zai biya, ya ƙi ɗaukar waya.

A sa ɗan aike ya dawo da kayan da wuri kafin su yi kwanaki a tasha. Kuɗin motar da wuya ya dawo, shi ya sa masu wannan tsari da yawa suke karɓar kuɗin aike tukuna, sauran kuma a biya lokacin karɓa.

Ni dillanci nake yi. Ina ɗora hotunan kayan wani shago a Kantin Kwari, in an saya in je in ɗauko. Idan aka sami matsala, ba mai shagon ne da alhaki ba?

Mai saye bai san mai shago ba, kai ya sani, kuma asusunka ya tura wa kuɗi, don haka kai zai riƙe. Idan ka gaya masa tun farko cewa kai dillali ne mai karɓar la'ada, ka kuma haɗa shi da mai kayan, to matsayinka daban ne. Amma idan ka sayar a matsayin naka ka ɗora ribarka, alhakin aibi naka ne, sai dai kai ma ka koma wa mai shago. Saboda haka kafin ka fara tallata kayan kowa, ka daidaita da shi kan ko zai karɓi abin da aka dawo da shi da kuma cikin kwana nawa, kada ka yi wa mai saye alkawarin mako guda alhali mai shago kwana 2 ya ba ka. Kuma kada ka karɓi kuɗi kafin ka tabbatar kayan suna nan, domin zane mai farin jini yakan ƙare a kasuwa tsakanin safe da azahar.

Yana barazanar zai wallafa hotona ya ce ni ɗan damfara ne. Yaya zan amsa?

A rubuce, sau ɗaya, cikin natsuwa: ga abin da aka yi ciniki a kai, ga shaidar da ke hannuna, ga mafitar da na ba ka. Kada a shiga musayar zagi ko saƙon murya cikin fushi, domin abin da ya fi cutar da mai sayarwa shi ne muryarsa da za a yanko a yaɗa. Idan mutumin yana da gaskiya, a biya shi ko da ya yi rashin kunya, tunda rashin kunyarsa ba ta goge aibin kaya. Idan ba shi da ita kuma ya wallafa ƙarya, ɓata suna laifi ne a kundin Penal Code da jihohin Arewa ke aiki da shi, kuma ana iya neman diyya a kotu. Wannan dokar kai ma tana kanka, sannan ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023, don haka wallafa hoton mai saye da lambar wayarsa da adireshinsa domin ramuwa zai iya mayar da kai wanda ake ƙara.

Ya ce zai kawo mini 'yan sanda. Ina ya kamata irin wannan magana ta je idan sulhu ya gagara?

Saɓanin ciniki ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, haka ma sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015. Abin yana zama na 'yan sanda ne idan akwai damfara, kamar karɓar kuɗi ba tare da niyyar aika kaya ba, ko tura alat na bogi. Idan an gayyace ka, ka je da hirar cinikin da bidiyon da rasit a buge a takarda, tare da wani babba ko lauya.

Kafin a kai nan, a gwada wanda ɓangarorin biyu suke jin nauyinsa, ko wanda ya haɗa ku, ko shugaban 'yan kasuwa, ko limami. Mai saye yana iya kai ƙorafi FCCPC. Kowane ɗayanku kuma yana iya zuwa kotun shari'ar Musulunci a jihohin da ke da ita, ko kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi, wadda Legas ta buɗe a 2018, Kano ta bi baya a 2019, da iyakar naira miliyan 5 a lokacin da aka fara. A wannan kotu mutum yana iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba, amma ana buƙatar ya fara aika wa abokin rigimarsa takardar neman biya kafin ya shigar da ƙara, kuma kwafin wannan takarda yana cikin abubuwan da magatakarda zai nema.